Jet biyu ko farfela huɗu? Muhawara kan jirgin dakon kayan soja na Burazil

Baban Khadija, Kurna:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga Hercules ɗin sojojinmu, jirgin dakon kayan nan mai farfela huɗu, ya taso ta kanmu da gurnanin nan nasa. Mu 'yan Kurna ko ba mu ɗaga kai ba mun san shi, da shi muka tashi. Sai babban ɗana ya ce ai wannan tsohon yayi ne, ya nuna min bidiyon wani jirgi na Burazil, C-390, wai shi aka ƙera don ya gaje shi. Na duba na ga inji biyu ne kacal, kuma ba farfela, irin na jirgin da ke kai mu Makka. Abin ya ɗaure min kai. Yaya za a yi inji biyu ya yi aikin huɗu? Kuma me Burazil ta sani a jirgi, ba ƙwallo ba? Masana a fitar da ni duhu.

Ɗan Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Baban Khadija ka bar batun yaran nan, duk abin da suka gani a waya shi ne gaskiya a wurinsu. Da tsohuwar zuma ake magani. Hercules tun 1954 yake tashi.

Injiniyan Kabuga:
Yaya Ɗan Gwammaja, a shekarar ka yi daidai, a Agustan 1954 ya fara tashi, kuma har yau kamfanin Lockheed bai daina ƙera shi ba. Amma batun me Burazil ta sani, mu Kanawa bai kamata mu yi wannan tambayar ba. Jiragen yaƙin nan Super Tucano, shida na farko a nan filin jirgin Malam Aminu Kano suka sauka a Yulin 2021. A Amurka aka harhaɗa su, amma ƙirar ta Embraer ce, kamfanin Burazil ɗin da ya yi wannan C-390. Jiragen E195 na Air Peace ma nasa ne. Wataƙila wasu a zauren nan sun hau jirgin Embraer ba su sani ba.

A 2007 kamfanin ya fara bayyana shirin. Lissafinsa mai sauƙi ne: ƙasashe da yawa suna riƙe da tsofaffin Hercules da suka kusa ritaya, dole wata rana su nemi magaji. Da farko ma so ya yi ya bi ta gajeriyar hanya, ya ɗauki fiffike da wasu sassa na jirgin fasinjansa E190 ya ɗora musu sabon bodi mai ɗaukar tan 19. Da rundunar sojan sama ta Burazil ta shigo da kuɗinta a Afrilun 2009, sai ta zo da nata sharuɗɗan, kayan da take son ɗauka suka fi ƙarfin wancan zanen. Aka dawo aka zana sabon jirgi tun daga tushe. Shi ne ya ƙare da ɗaukar tan 26.

Alhaji na Singa:
Injiniya ka yi min magana da buhu, ni tan ba ya shiga kaina sai na lissafa.

Injiniyan Kabuga:
Ranka ya daɗe, buhun shinkafa mai kilo 50 guda 520. Tirelar siminti mai buhu 600 ta fi shi da kaɗan. Sabon Hercules, C-130J, yana tsayawa wajen tan 19 zuwa 20, wato buhu 400 ko ƙasa.

Alhaji na Singa:
To yanzu na gane. Ashe duk girman nan nasa bai kai tirela ɗaya ba. Allah Ya sa wa direbobinmu albarka.

Baba Bakanike:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma an taɓo inda na ci abinci shekara da shekaru, don haka ku yi haƙuri da tsawon rubutu.

Baban Khadija, ɗana, kar ka fara da ƙirga inji. Masu ƙera jirgin kaya ba da inji suke farawa ba, da akwati suke farawa. Sai a tambayi soja me zai saka a ciki, motar sulke ce, jirgi mai saukar ungulu ne da aka cire wa farfela, ko mutane. A auna faɗinsa da tsayinsa, a zana akwatin da zai haɗiye shi, sannan a nemo fiffiken da zai ɗaga akwatin, a ƙarshe a nemo injin da zai tura fiffiken. Akwatin C-390 faɗinsa ya kusa mita uku da rabi, tsayinsa ya kusa mita uku, tsawonsa har da gadar baya mita 18 da rabi. Duk sauran siffarsa daga nan ta fito.

Ka sake kallon bidiyon. Fiffiken a saman gadon bayansa yake, ba a ƙarƙashin ciki ba kamar jirgin fasinja. Dalili, ana son ƙasan akwatin ya yi kusa da ƙasa yadda mota za ta hau da ƙafarta. Tayoyin kuma ba su da wurin ɓuya a fiffike, sai aka yi musu kumburi a gefe da gefen ciki, shi ya sa kake ganinsa kamar ya sha ruwa ya ƙoshi. Jelarsa an ɗage ta can sama, ƙananan fuka-fukan baya suna kan tsinin jelar, don a bar wa ƙofar baya fili, babbar mota ta matso ba ta daki komai ba, kuma iskar da injin ke hurawa ta wuce ta ƙasa. Ba ado ba ne ko ɗaya.

Amma ina tare da Ɗan Gwammaja a abu ɗaya. Injin jet maƙogwaro ne buɗaɗɗe, duk abin da ya tarar zuƙewa yake. Tsakuwa, ƙusa, tsuntsu. Na taɓa buɗe injin da ya haɗiyi ɗan ƙaramin noti da wani ya manta a ƙasa, ruwan wuƙaƙen ciki duk sun zama kamar haƙoran tsoho. Jirgin ya fi wata biyu a ajiye. Ga ƙurar hunturu tamu, wadda take cin ƙarfe a hankali kamar sanfefa. Farfela ma tana jin tsakuwa, amma ta fi haƙuri, kuma a gajeren titi na turɓaya ita ce gwana, don tana hura iska kan fiffike tun jirgin bai yi gudu ba.

Injiniyan Kabuga:
Baba, Allah Ya ƙara lafiya, wannan darasi ne ba a aji ba. Sai dai masu ƙirar sun san da zancen tsakuwa. Shi ya sa injunan suke rataye a sama a gaban fiffike, nesa da inda tayar gaba ke watso ƙasa, kuma an gwada shi a titin da ba kwalta. Abin da ya fi burge ni shi ne injin da suka zaɓa a 2011. Ba su je neman sabon yayi ba. V2500 suka ɗauka, wanda ke jikin dubban jiragen Airbus A320 tun ƙarshen shekarun 1980. Ka ga ko a Alƙahira ko a Dubai ya lalace, akwai wanda ya san cikinsa. Kamar ka sa wa sabuwar mota injin Toyota ne, ka san Ƙofar Ruwa ba za ta ba ka kunya ba.

Baba Bakanike:
Wannan kam dabara ce, na yarda. Amma ɗana, bakaniken da ya san injin daban, wanda zai biya shi daban.

Ɗan Gwammaja:
Ku dai kuna ta zagaye-zagaye. Ni tambayata ɗaya. Kana sama da sojoji 80 a ciki, inji ɗaya ya mutu. Mai huɗu saura uku, mai biyu saura ɗaya. Wanne za ka sa ɗanka?

Baba Bakanike:
Ɗan Gwammaja, da ma haka lissafin yake da an huta. Ka tuna ranar 26 ga Satumba 1992 a Ejigbo ta Legas. Hercules ne mai inji huɗu, ya tashi bai yi nisa ba injunansa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa fadama. Sama da mutum 150 suka rasu, akasarinsu hafsoshi masu kwas a Jaji. Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu, Ya ba iyalan duka haƙuri. Yawan inji bai hana ba. Duk jirgi mai inji biyu kuma ba a ba shi takardar izini sai ya nuna zai iya ci gaba da tashi da cikakken kaya ko da ɗaya ya mutu a daidai lokacin da ya bar ƙasa. Shi ya sa kowane ɗaya ake yinsa da rarar ƙarfi. Mai huɗu kuma gyara huɗu ne, tacewa huɗu, wurin yoyo huɗu.

Ɗan Gwammaja:
Amin, Baba. Ban manta ba. Mu da jirgi ya faɗo wa a unguwa a 2002 ba ma wasa da maganar nan, shi ya sa nake da tsaurin kai.

Maman Iman:
Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba ruwana da inji, amma gudu ya dame ni. Malam Injiniya, bambancin saurin nasu har nawa ne? Don mu a wurinmu mintuna talatin rai ne. Mai zubar da jini ba ya jiran kowa.

Injiniyan Kabuga:
Anti, C-390 yana kai kilomita 870 a awa, sabon Hercules wajen 650, irin namu na da bai kai haka ba. Kano zuwa Maiduguri kilomita 500 ne ta sama, a nan ratar ba za ta wuce 'yan mintuna ba, don hawa da sauka sun cinye rabin tafiyar. Inda za ki ga amfanin shi ne doguwar tafiya, ko ranar da ake son jirgi ɗaya ya yi sawu uku maimakon biyu. Yana kuma hawa ƙafa 36,000, sama da yawancin hadari, marar lafiya ba ya shan jijjiga. Gadon ɗaukar majinyata 74 yake ci idan an shirya shi don haka.

An ga aikinsa ma. Lokacin da tashar jiragen ruwa ta Bairut ta fashe a Agustan 2020, da shi Burazil ta aika kayan agaji. A Janairun 2021 da iskar numfashi ta ƙare a asibitocin garin Manaus na Burazil lokacin korona, yana cikin jiragen da suka yi jigilar tukwanen iska, garin kuwa yana tsakiyar dajin Amazon.

Maman Iman:
To ka ga irin wannan nake nufi. Ku tuna 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan, ɗalibanmu nawa 'yan Kano suka maƙale. Hercules ɗin sojan sama ne da jirgin Air Peace suka je Aswan ta Masar suka kwaso kashin farko. 'Yar ƙanwata tana cikin waɗanda suka dawo ta wata hanyar daga baya. Kwanakin nan ban iya cin abinci ba. Mutane suna jin jirgin soja sai su tuna bom, ni kuwa tun ranar nan jirgin kaya nake yi wa addu'a.

Alhaji na Singa:
Hajiya Allah Ya kiyaye gaba. Injiniya, mu zo kan maganar 'yan kasuwa. Nawa ne, kuma wa ya saya? Ni ba na yarda da kaya sai na ga wanda ya fitar da kuɗinsa ya dawo ya ƙara.

Injiniyan Kabuga:
Alhaji, ba a sayar da shi tsirara. Misali Fotugal a 2019 ta sa hannu kan guda biyar a kan Yuro miliyan 827, amma a ciki har da na'urar koyon tuƙi da kula da jiragen na shekara 12. Kuma ta dawo ta ƙara na shida, ka ga sharaɗinka ya cika. Hangari ta ɗauki biyu a 2020. Holan, wadda Hercules take amfani da shi, ta auna shi da C-130J a 2022 ta zaɓe shi. Sai Ostiriya da Cek da Suwidin, Koriya ta Kudu ma ta zaɓe shi a ƙarshen 2023.

Ɗan Gwammaja:
Ka faɗi mai daɗin ka bar mai ɗacin. Ita Burazil ɗin da ta haife shi fa? Na ji ta rage oda.

Injiniyan Kabuga:
Gaskiya ne Yaya, ba zan ɓoye ba. A 2014 ta yi odar 28, a 2022 ta rage zuwa 22, ta sake ragewa zuwa 19. Matsalar aljihu ce. Tun farko ma haka aikin ya yi ta tuntuɓe. An fito da jirgin gwaji na farko a Oktoban 2014 a masana'antar Gavião Peixoto, ya tashi ranar 3 ga Fabrairu 2015, sai tattalin arzikin ƙasar ya shiga wani hali, gwamnati ta kasa biya a kan lokaci, jirgin ya zauna wata takwas bai sake tashi ba. A 2017 wajen gwajin tafiya a hankali har ya kusa kuɓuce wa matuƙa, ya rikito da nisa kafin su shawo kansa. A 2018 wannan jirgin dai ya zarce ƙarshen titi ya lalace. Sai a Satumban 2019 sojansu suka karɓi na farko, shekara goma bayan sa hannun 2009. Da Boeing ma sun ƙulla za su tallata shi tare, Boeing ta janye a Afrilun 2020.

Baba Bakanike:
Jirgin da bai ba matuƙan gwaji tsoro ba, fasinja zai ba. Gara a gani a can.

Malamin Fiziks, Gwale:
Ina bin ku tun ɗazu daga ɗakin malamai. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a ganina shi ne ya sa jet ya iya shiga gonar farfela. Aikin jirgin kayan soja ba gudu ba ne kawai, wani lokaci rashin gudu ne. Zai sauke sojojin laima sama da 60, dole ya rage sauri sosai. Zai shayar da jirgi mai saukar ungulu mai a sama, dole ya yi tafiyar da wancan zai iya bi, ga shi fiffikensa an karkatar da shi baya don gudu. A tsohon tsari igiyoyin ƙarfe da sanduna ne ke haɗa hannun matuƙi da fiffike. A C-390 waya ce da kwamfuta. Matuƙi ya motsa ɗan sandan da ke gefensa, kwamfuta ta karanta nufinsa, ta duba sauri da nauyi, sannan ta motsa fiffiken daidai gwargwado, kuma ta hana shi ƙetare iyakar da jirgin zai faɗo. Ka yi tunanin ana buɗe ƙofar baya a sama, kaya tan goma sha wani abu ya zame ya fita cikin daƙiƙu, nauyi ya gudu baya sannan ya ɓace. Da, ƙwanjin matuƙi ne ke kokawa da wannan. Harafin K da kuke gani a wani lokaci, KC-390, alamar mai shayar da mai ce, sunan Millennium kuma a bikin baje kolin jirage na Dubai a 2019 aka raɗa masa.

Ɗan Gwammaja:
Malam, ranar da kwamfutar ta ɗauke fa? A kashe a kunna?

Malamin Fiziks, Gwale:
Ba ɗaya ba ce, ninki-ninki ake yinsu, kowace da hanyar wutarta. Jirgin da ya kai ka Umara bara ma mai yiwuwa haka yake, ka yi barcinka.

Ɗan Gwammaja:
Ban yi barci ba wallahi, Ayatul Kursiyyu na yi ta ja har Jidda.

Shugaban zaure:
Jama'a an cire saƙonni biyu da suka koma zagin 'yan siyasa. A tsaya kan jirgi don Allah.

Alhaji na Singa:
Ni abin da ya tsaya min a rai ba jirgin ba ne. Shekarun baya Burazil kofi da sukari muka san ta da su. Yaushe ta wuce mu haka?

Malamin Fiziks, Gwale:
Alhaji, makaranta suka fara ginawa kafin masana'anta. A 1950 suka buɗe cibiyar koyar da injiniyancin jirage ta ITA a garin São José dos Campos. Kusan shekara ashirin suna yaye ɗalibai kafin gwamnati ta kafa Embraer a 1969, ƙarƙashin wani hafsan sojan sama, Ozires Silva, wanda shi ma ɗalibin wannan makarantar ne. Suka fara da ƙaramin jirgi mai farfela biyu, Bandeirante. Kamfanin ya kusa durƙushewa, aka sayar da shi ga 'yan kasuwa a 1994. Mu kuma sojan samanmu da masana'antar makamai ta DICON a Kaduna da makarantar jirage ta Zariya duk 1964 ne, sun girmi Embraer da shekara biyar. Jirgi ma ya fara sauka a Kano tun 1925. A shekarun 1990 har an harhaɗa jiragen horo Air Beetle a Kaduna. Ba farawa ce ta gagare mu ba.

Kuma a lura, ko su ba su yi komai su kaɗai ba. Injin na waje ne, na'urorin ɗakin matuƙi na Amurka ne, Fotugal da Cek da Ajantina duk suna ƙera sassan bodi. Abin da suka riƙe shi ne zane da haɗawa da gwaji.

Baba Bakanike:
Malam ya taɓo wurin. Masana'antar OGMA ta Fotugal da ke yi wa C-390 sassa, da gyaran jirage ta yi suna, har da Hercules. Wanda ya shekara yana kwance jirgi yana ɗaurewa, shi ake kira ranar da za a ƙera sabo. Hercules ɗinmu na farko a tsakiyar shekarun 1970 suka zo, aka ƙaro dogaye uku a shekarun 1980, su suka yi jigilar dakarun ECOMOG a Laberiya da Saliyo. Jirgin da ya yi wannan bautar ba a raina shi. Ni da za a tambaye ni, ba zan ce a zubar da farfela ba. Filayenmu manya, Kano, Maiduguri, Kaduna, Abuja, Legas, duk kwalta ne masu tsawo, jet zai ji daɗinsu, kuma shi zan tura Sudan ko Kongo. Ƙananan filaye na turɓaya a bakin iyaka kuwa a bar wa farfela. Amma kowanne aka kawo, a rubuta a takardar ciniki cewa babban gyara a gida za a yi shi, yaranmu su riƙe sifana.

Ɗan Gwammaja:
To Baba ka raba gardama rabi da rabi, ni dai ina nan kan farfela. Japan ma ai na ji ta yi nata jet ɗin, wa ya saya?

Injiniyan Kabuga:
Kawasaki C-2 kake nufi, ya fara tashi a 2010, ya ma fi wannan girma, yana ɗaukar sama da tan 30. Sojan Japan ne ke amfani da shi. Yukiren ma ta yi An-178 a 2015, yaƙi da rabuwa da Rasha suka tsayar da shi. A nan kana da 'yar gaskiya Yaya, ƙera jirgi daban, samun kasuwa daban.

Baban Khadija, Kurna:
Na gode ƙwarai jama'a, tambaya ɗaya na yi na sami karatun wata guda. Yaron yana gefena, ya karanta na Baba Bakanike har sau biyu, yanzu kuma wai Zariya yake son zuwa idan ya gama sakandare. Baba, yana tambaya ko zai iya kawo maka gaisuwa ranar Asabar, yana son ganin yadda ruwan wuƙar injin nan yake idan kana da ko guda ɗaya a ajiye.

Baba Bakanike:
Akwai guda ɗaya da ta lalace, ita nake danne takardu da ita. Ya zo bayan azahar, ya taho da littafi da biro. Zan turo maka kwatance ta akwatin sirri.